Maganin Da Na Ɗauko a Kafaɗa

Jikata ce ta tono mini wannan zance, ita da farar rigarta da hotunan wasu ƙananan farantan gilashi da take nuna mini a waya. Wai a makarantarsu suna jiƙa ganye da sassaƙe, su tace, su ɗiga ruwan a kan ƙwayoyin cutar da ke sa miki ya ruɓe, su ga wanne zai kashe su. Wai sun lura in aka haɗa ruwan itace biyu, wani lokaci yakan yi aikin da ɗaya ba zai yi shi kaɗai ba. Har allurar da muka ɗauka ita ce ƙarshen magani, wai yanzu wasu cututtukan sun daina jin tsoronta. Tana faɗa tana zare ido kamar ita ta fara gano gishiri. Na ce, "Tafi can, 'yar nema. Wannan karatun naku ni a jikina aka yi shi, tun ubanki bai san hannun damansa ba." Ta ce, "Haba Kaka, to ba ni labari mana." Ban ba ta a ranar ba, don sai da na kwana biyu ina juya shi in ga ko ƙirjina zai ɗauka.

Minnar da na yi amarci a cikinta ba wannan ba ce. Garin jirgi ne, usur ɗinsa ke tashe mu, shi ke gaya mana lokacin ɗora tukunya. Kakan mijina aikin shimfiɗa dogo ne ya kawo shi daga ƙasar Kano, ya yi gida kusa da layi, zuri'arsa ba ta koma ba. Maigidana fayaman ne, shi ke zuba wa kan jirgi kwal, in ya dawo gida sai haƙoransa da idonsa kaɗai ke fari. Da hantsi ya dubi ludayi za ka ji turame suna amsa wa juna daga gida zuwa gida, sannan ka ji sallamar matan Gbagyi, waɗanda muke ce wa Gwarawa a lokacin, sun shigo gari a jere da itace cikin manyan ƙore, ba a ka ba, a kafaɗa. Mu 'yan mata mukan yi musu dariya a ɓoye, su kuwa su ce kai wurin tunani ne, ba a ɗora masa kaya. Dutsen Kura a lokacin daji ne sosai, awaki ma ba a bari su yi nisa can. Yau in ka tsaya a wurin ba ka jin komai sai janareta da ƙarar masu walda da 'yan babur suna rige-rigen fasinja.

Kafin in haifi uban yarinyar nan na binne biyu. Na fari ko suna ba a yi ba, ta biyu ta fara zama ta koma. Mata suka fara ce mini mai wabi, wasu a bayan idona, wasu a gabana suna yi kamar tausayi. Na uku ya zo a shekarun yaƙi, lokacin da jirage ba su da aiki sai kai soja kudu su dawo da masu rauni, maigidana kuma sai ya yi makonni ba mu ga ƙeyarsa ba. Gidan ya rage daga ni sai surukata, Iya, tsohuwa doguwa mai ƙaramar murya, wadda in ta ce a'a ko liman ya haƙura. Bayan sunan yanka ta laƙaba wa yaron Ajuji, wai don mutuwa ta ɗauka abin yarwa ne ta wuce shi. Ita ke yi mini wankan jego safe da yamma, ta dama kunun kanwa ta tsaya a kaina sai na shanye. Wankan jego kuwa cin itace gare shi, shi ya sa Uwar Bulus ta zama kamar 'yar gida. Bagwariya ce daga wajen Garatu, Kirista, gajeriya mai faɗin kafaɗa, ɗanta Bulus yana bakin daga. Takan sauke itace a gindin katanga, ta sha ruwa, ta leƙa yaron ta ce, "Wannan zai zauna." Ni dai ban taɓa amsa mata ba, don tsoron kada bakina ya ja masa wani abu.

Ban kai rabin arba'in ba nonona na hagu ya yi tauri kamar dutsen niƙa. Na ɓoye, saboda kunyar suruka, har sai da zazzaɓi ya kayar da ni a bakin murhu. Iya ta buɗe zane ta gani, ta yi salati. Wurin ya yi jawur yana ƙyalli, ko iska ta taɓa shi sai na yi ƙara. Ita ma ba baƙuwar magani ba ce, duk unguwa wurinta ake zuwa in yaro ya yi gyambo. Bagaruwa ce makaminta: ta daka 'ya'yan, ta tafasa ta wanke wurin, ta barbaɗa garin. Ta tatsi na dama a murfin kwano, ta jefa tururuwa ciki, tururuwar ta yi iyo kaɗan ta tsaya. Iya ta ce nono ya ɓaci, ba za a ba yaro ba. Ko ba ta hana ba ma, zazzaɓin ya riga ya ƙafar da shi, sai ɗigo-ɗigo. Aka koma ba Ajuji nonon akuya da cokali. Cikinsa ya ƙi karɓa, ya dinga zawo, maɗigarsa ta faɗa, kukansa ya koma kamar na ɗan kyanwa. Na san wannan kukan, sau biyu na taɓa jin sa, kuma na san inda yake ƙarewa.

Aka kai ni asibiti a bayan keken maƙwabci, Iya na biye da yaro a goye. Layin ya cika da sojoji masu bandeji da matan da suka fi ni jin jiki. Likitan ya yi abin da zai iya. Ya tsaga wurin, mugunya ta fita har na ga taurari da rana, ya sa aka wanke. Sannan ya gaya wa Iya gaskiya, cewa allurar da ta dace da wannan ciwo duk an tafi da ita bakin daga, ɗan abin da ya rage ya ƙare, mu riƙa wankewa da tafasasshen ruwan gishiri, mu dawo in kaya sun iso. Mun koma, mun sake komawa, kaya ba su iso ba. Ban ga laifinsa ba, mutumin da kansa ya rame kamar mu. Bagaruwar Iya kuma sai ta kame bakin mikin ya bushe, mu ce Alhamdulillahi, ashe a ciki yana tara wata mugunyar. Sai ya sake kumbura, zazzaɓi ya dawo, ya fashe ta wani gefen.

A haka Uwar Bulus ta same ni wata safiya a kwance a tsakar gida, ƙudaje na bin zanena. Ta ajiye itace, ta durƙusa, ta ɗaga zanen ba ta nemi izini ba. Ta juya wurin Iya da irin Hausarta, wadda mace da namiji duk ɗaya ne a cikinta.

"Iya, wannan yarinya zai mutu a hannunka. Yaro ma zai bi shi."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi," in ji Iya.

"Ni ba zagi na yi ba. Gobe zan kawo abu biyu."

Washegari ta zo da su. Na farko Ladi ce, matar Bulus, da jaririnta a baya. Na biyu wani jan abu ne dakakke, a ƙunshe cikin ganye. Iya ta daɗe tana kallon Ladi, da ɗan gicciyen da ke wuyanta, sannan ta kalli Ajuji wanda ko buɗe ido ba ya yi sosai. Da hannunta ta ɗauke shi ta ɗora a cinyar Ladi, ta ce, "Bismillahi. Daga yau ɗanki ɗan'uwansa ne, ki sani." Yaron ya kama. Ina kwance ina jin ƙarar haɗiyarsa a ƙirjin wata, ina godiya ga Allah, ina kuma jin kamar a tsaga ƙasa in shige. Ba na ɓoyewa, har haushin Ladi na ji, baiwar Allah da ba ta yi mini komai ba sai alheri.

Jan maganin kuwa Iya ta yarda a sa, amma da sharaɗi: sai an ɗauke nata tukuna, a bar jiki ya huta. Ta ce ba a haɗa hannu biyu a miki ɗaya, magani biyu in suka gamu faɗa suke yi, mai jiki ke shan wuya. Aka ɗauke bagaruwa aka sa na Uwar Bulus. Shi kuma ja gare shi, ya dinga zuƙo mugunya, kumburi ya saɓe, zazzaɓi ya sauka. Amma bakin mikin ya ƙi haɗuwa, ya zauna a buɗe yana tsatsar ruwa, ƙuda na samun wurin zama. Iya ta ce a koma nata. Ya rufe, ya kumbura. Aka koma na waccan, ya buɗe, ya ƙi rufewa. Haka suka dinga karɓa-karɓa da ni kamar masu surfe, ni kuwa ina zubewa, har awarwarona ya fara zamewa ya faɗi da kansa.

Ana cikin haka kakar doya ta zo. Ladi ba za ta iya ci gaba da kwana a gari ba, gona na jiran hannu, maza duk suna yaƙi. Ita ma ta fara ramewa, nono ɗaya baki biyu. Uwar Bulus ta zo ta faɗa a fili, cewa in kasuwa ta sake zagayowa Ladi za ta koma, ko dai su tafi da yaron Garatu har a yaye shi, ko a bar shi a koma wa akuya. Na san akuya kabari ce. Na kuma san in ya tafi, ni da nake jin mutuwa a gefen haƙarƙarina ba lallai in sake ganin sa ba. A ranar kunya ta fita daga idona. Ni da ban taɓa ɗaga murya gaban Iya ba, na dafa bango na miƙe, na ce, "Iya, ku ji tsoron Allah ku biyun nan! Jikina ne, ni nake ji. Naki yana rufewa ba ya fitarwa, nata yana fitarwa ba ya rufewa. Kowacce rabin aiki take yi. Ku zuba su a turmi ɗaya, in zai kashe ni ya kashe ni, ai dama mutuwar nake yi!"

Na zaci mari zan sha. Sai Iya ta ce a hankali, "Ke yarinya, maharba ma haɗawa suke yi su sami dafin kibiya. Ni ba zan zuba abin da ban san asalinsa ba a kan nawa. Ta faɗi sunan itacen, in auna, in ya yiwu a haɗa."

Uwar Bulus ta girgiza kai. "Ba zan iya ba. Maganin uwana ne. Ya ce kada ka nuna kowa sai diyanka mace, wanda ka haifa. Diyana mace ya mutu tun yana karami."

"Ladi fa?" in ji Iya.

"Ladi matan yaro ne. Gobe zai iya koma gidan ubansa da shi."

Kowacce ta tsaya a kan gaskiyarta, kuma har yau ban ce ɗaya ta yi ƙarya ba. Ni dai na zube a gaban Uwar Bulus na kama ƙafarta mai kaushi, ina kuka ina cewa, "Ni ba ni da uwa a garin nan, tawa ta rasu. Ke kin rasa 'ya, ni na rasa biyu. Ki mai da ni taki." Wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, amma wallahi ba dabara nake yi ba, har zuciyata na faɗa. Ta dubi tsakiyar kaina. Sannan ta ce, "In diyana ne, zai je da kafansa, ya sara da hannunsa, ya dauko yadda muke dauka." Wato mai jego, matar kulle, ta fita daji da miki a ƙirji. Duk muka juya muna kallon Iya. Ta shiga ɗaki, ta fito da babban mayafinta na zuwa biki, ta yafa mini, ta ce, "In an tambaya, asibiti kika koma."

Bayan Dutsen Kura ta kai ni, ina tafe ina hutawa a kan duwatsu, rana na dukan ƙeyata, mikin na bugawa kamar ana kiɗa a ciki. Ta tsaya gaban wani ɗan itace da bai fi tsayin mutum biyu ba, ba shi da wani kwarjini, ta sa bakinta a kunnena ta faɗi sunansa da harshensu. Sunan ba zai shiga takarda ba, alkawari ne. Ta nuna mini in sassaƙa ta gabas in sassaƙa ta yamma, kada in zagaye shi, don itacen da aka yi wa zobe mutuwa yake yi. Da na kai hannu sai wani jan gari ya goge a tafina. Na tsaya ina kallon hannun. Wannan garin na san shi, shi ke ɓata mini zane kullum in na ɗebo itace daga gindin katanga. Ashe tun ranar da na haihu muke ƙona shi a ƙarƙashin tukunyar wankana. Na dube ta, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Busasshe itace ne. Danye magani ne." Na ƙulle sassaƙen zan ɗora a ka, ta buge mini hannu. Ta saita mini ƙunshin a kafaɗar dama, haka na ratso gari da shi, mata na leƙe ta zaure suna cewa surukar Iya ta zama Bagwariya.

Da muka shigo, Uwar Bulus ta ce, "Iya, yanzu gidanka ya sani. Diyana ya gani da idonsa." Na ce, "Iya, na gani. Ba dafi ba ne." Iya ta zo cire mini mayafi, sai ta ga jan garin a kafaɗar mayafin. Ta goga da yatsa, ta shinshina, idonta ya tafi kan tarin itacen da ke gindin katanga, ya dawo kaina. Na ga ta gane sarai. Amma har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta ambaci itacen nan ko ta nuna wa wani ba. Ta jawo ƙaramin turminta, ta zuba bagaruwa, ta miƙa wa Uwar Bulus taɓarya ɗaya ta riƙe ɗaya. Iya na bismilla, waccan na tata addu'ar, suna daka suna gardamar wanne zai fi yawa.

Ba dare ɗaya aka warke ba, kada wani ya ɗauka tatsuniya nake yi. Ana wankewa da ruwan gishirin likita, a sa haɗin, mugunya na fita, naman na tasowa daga ciki, bakin na matsowa a hankali. Zazzaɓi ya tafi bai dawo ba. Iya ta dinga ɗura mini kunu kamar mai kiwon rago, tana matsa na daman da ruwan ɗumi. Ranar da Ladi za ta koma ta zo, nono bai kawo ba sai ɗan ruwa-ruwa. Sun ɗaure kayansu, Uwar Bulus ta kawo zanen da za a goya Ajuji. Na ce a ba ni shi in yi masa sallama. Na sa shi a na dama, ya kau da kai, ya saba da ƙamshin wata. Na sake sa shi, ya ture ni da ɗan hannunsa yana neman Ladi. Na ce, "Ajuji, ni ce fa. Don Allah kada ka yi mini haka." Hawayena na ɗiga a fuskarsa, ya buɗe baki zai yi kuka, na cusa masa. Ya tsotsa don haushi, ya sake tsotsa, sai na ji wani abu ya tsirga mini tun daga kafaɗa, na ji ya haɗiya. Iya ba ta nemi tururuwa ba a wannan karon. Uwar Bulus ta naɗe zanen goyon ta mayar cikin ƙwaryarta.

Na hagun bai sake kawo ruwa ba har abada, kuma ban sake haihuwa ba. Da guda ɗaya na shayar da shi. Uwar Bulus kuwa Mama na koma ce mata, na je Garatu da ta rasu na zauna cikin 'ya'ya, su Ladi suka matsa mini wuri. To ni ma ga shi ban haifi mace ba, maganin ya tsaya a bakina shekara da shekaru, ina tsufa ina tunanin da wa zan bar shi.

Shi ya sa da na gama juya zancen na kira jikar tawa na ce ta ɗauko mota. Bayan Dutsen Kura babu ko kututture, duk gidaje ne da shaguna. Muka miƙi hanyar Garatu, inda na san daji sai buhunan gawayi a jere a bakin titi. Mun sha yawo har gwiwoyina suka fara rantsuwa, kafin na hango guda ɗaya, ɗan ƙarami, a gefen wani fili da aka riga aka kafa wa duwatsun fuloti. Na sa bakina a kunnenta na faɗi sunan yadda aka faɗa mini. Na ce gabas da yamma, kada ta yi masa zobe. Ta sassaƙa, ta zuba a leda, ta ce, "Kaka, malamanmu fa sai sun san sunansa kafin su yarda." Na ce, "Wannan ke da Allah, yanzu naki ne, ni na sauke." Ta kama hanyar mota tana lilo da ledar a hannu.

Na ce, "Ke! Ɗora a kafaɗa."

"Haba Kaka, ga mota nan kusa, kuma farar riga ce a jikina."

"Ɗora, na ce. Uban nan naki da kike gani da furfura da tumbi, a kafaɗar nan na ɗauko shi."

Ta dube ni, ta daina dariya. Ta ɗora, muka taka a hankali har mota, jan garin na zuba a kan farar rigar.